Baƙon da Na Sauke a Ɗakin Kaka

Kakana na wajen uba dillalin goro ne a Kumasi. Mahaifinsa ya taso daga ƙasar Kano cikin ayarin fatake, ya bi hanyar Gwanja har ya yada zango a Salaga, da yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa kasuwar garin sai ya yi ta gangarowa kudu, har Allah ya kawo ƙafarsa inda aka haife mu. Ban riski kakan nawa da wayo sosai ba, amma na tashi ina jin yadda ake ba da labarinsa. Baƙon ɗan kasuwa yakan sauka a gidansa, ya ci ya sha ya kwana, ya damƙa masa kuɗinsa ajiya. Shi kuwa ya nemo masa mai kaya, ya tsaya a kan ciniki, a ƙirga goro ƙwarya-ƙwarya, wato ɗari-ɗari, a ɗaure huhu, sannan ya karɓi la'adarsa. In baƙo ya ci bashi ya gudu, wuyan maigidan da ya sauke shi ake kamawa. A kan wannan sharaɗi aka gina yawancin tsofaffin gidajen zangonmu.

Ni ban gaji goro ba. Na gaji dillanci ta wata ƙofa da kakana bai taɓa mafarkinta ba, kuma sai da na yi abin kunya kafin na gane cewa sana'ar guda ce.

A shekarar 2019 na fara naɗar muryar kakata, matarsa, tana tatsuniya. Abin da ya tunzura ni shi ne wata rana na ji ƙanena yana ba abokinsa labarin Gizo, rabi da harshen Tuwi, rabi da Turanci, Hausar ba ta wuce gishirin miya ba. Ban zarge shi ba, haka unguwa take, haka makarantar boko take, mu ma da muka girme shi Hausarmu ta sha ruwan Asante. Amma na tsorata. Sai na riƙa zuwa ɗakin Kaka bayan sallar isha, in ajiye waya kusa da bakinta. Takan ce, "Angona, yau kuma da me ka zo mini? Ba goro ba tsaraba, sai wannan ƙarfen?" In ce mata, "Amarya, ai muryarki ce sadakina." Ta yi dariya, ta gyara zama, ta ce ga ta nan ga ta nanku. Kafin Allah ya yi mata rasuwa a 2021 na tara tatsuniyoyi fiye da sittin, da karin magana, da kacici-kacici.

Da yake na ɗan koyi rubuta manhaja, sai na haɗa su wuri guda na ɗora a Google Play. Rajistar mai manhaja a can dala 25 ce, sau ɗaya ake biya. Ta Apple kuwa dala 99 ce duk shekara, wadda ta fi ƙarfina, kuma mutanenmu akasari Android suke riƙewa. Sai dai kashe kuɗi bai tsaya nan ba. Murya tana da nauyi, dole in yi hayar rumbun ajiya a intanet, da dala ake biyansa duk wata, ga kuɗin data, ga wuta. A 2022, lokacin da sidi ya yi ta zubewa, hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari a ƙarshen shekara, kowace dala da zan biya sai da na ji ta a jikina. Na yi tunanin sayar da manhajar, amma wa zai saya? Tsohuwar da ke Aboabo ko Asawase ba ta da katin banki da kantin manhaja zai karɓa, kuma ban naɗi muryar Kaka don in kulle ta a bayan ƙofar kuɗi ba. Hanya ɗaya ta rage, ita ce talla.

Ga wanda bai sani ba, bari in ɗan warware yadda wannan kasuwa take. Mai manhaja ba ya yawon neman masu talla da kansa. Akwai kamfanonin dillanci da ke tsaye tsakanin ɓangarorin biyu, irin su AdMob, Meta Audience Network, Unity Ads da AppLovin. AdMob, alal misali, wani matashi ne mai suna Omar Hamoui ya kafa shi a 2006, a ƙarshen 2009 Google ya sanar da sayensa a kan dala miliyan 750. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mutum girman la'adar da ke cikin harkar. Kai mai manhaja za ka yi rajista da ɗaya daga cikinsu, su ba ka wani guntun rubutun kwamfuta ka dasa a cikin manhajarka, ka keɓe gurbi a allo. Duk sa'ad da wani ya buɗe shafin, sai wayarsa ta aika saƙo cewa ga gurbi ya samu, a ƙasa kaza, a waya iri kaza, da harshe kaza, wani lokaci har da lambar shaidar talla ta wayar, wadda da ita ake bin sawun abin da mai wayar ya saba dubawa. Nan take sai a buga gwanjo tsakanin kwamfutocin masu talla, wanda ya fi tayi ya ɗauka, hotonsa ya bayyana, duka kafin ƙiftawar ido. Dillali ya cire rabonsa, ya rubuta maka saura.

Tallan ma iri-iri ne. Akwai siriri mai zama a gindin allo kamar ƙyalle, shi ne mafi araha. Akwai mai cika allo gaba ɗaya, wanda kan faɗo maka tsakanin shafi da shafi. Akwai kuma bidiyo mai tukuici, wanda mutum ke zaɓar kallonsa don a buɗe masa wani abu, shi ya fi tsoka. Kakana da ƙwarya yake ƙirga, su kuwa da dubu suke yi: nawa gani dubu ya kawo? In a ce gani dubu ya ba ka dala 1, to sai an ga talla sau 100,000 kafin ka haɗa dala 100. Dillalin da na zaɓa kuwa ba ya sakin ko sisi sai kuɗi sun kai dala 100 ɗin cif.

Wata na farko abin da na samu bai kai kuɗin waken safe na mako guda ba. Na yi dariya, na ce sannu sannu ba ta hana zuwa. Da kuɗin suka ɗan taru aka ce za a aiko mini da wasiƙa mai ɗauke da lambar sirri don a tabbatar da inda nake zaune. Gidanmu na cikin lungun da ko mai keke sai ya sauka ya tura, kwatancensa bayan masallaci kusa da mai koko. Adireshin zamani da gwamnati ta kawo a 2017 yana nan a bango, amma ban taɓa ganin wasiƙa ta biyo shi ba. Sai na ari akwatin gidan waya na Baffana, ƙanin mahaifina, na yi ta sintiri har takardar ta iso. Sai da aka doshi shekara kafin kuɗin farko su shigo banki. Rabi na biya bashin rumbu, rabi na sayi shinkafa aka yi wa Kaka sadaka.

A wannan tsakanin ne na ga abin da ya daɗe yana sosa mini rai. Shafin lissafi yakan rarraba kuɗin ƙasa-ƙasa. Masu saurarena sun fi yawa a Ghana, sai Najeriya, Nijar, Togo da Kamaru. Akwai kuma 'yan tsiraru a Amurka da Jamus, 'yan uwanmu na zango da suka yi ƙaura zuwa Bronks ta birnin New York ko Hambog, suna kunna wa 'ya'yansu don kada harshen ya kuɓuce. Waɗannan tsirarun sukan kawo kuɗin da ya yi daidai da na dubbanmu na gida, wani watan ma su zarce. Tatsuniya ɗaya, murya ɗaya, watakila ma 'ya'yan wa da ƙani ne ke saurare, amma idon na can ya ninka na nan daraja sau da yawa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai talla yana taya ido gwargwadon abin da yake tsammanin aljihun mai idon zai fitar. Shi ya sa ma farashi ke tashi a Nuwamba da Disamba lokacin cefanen Kirsimeti a ƙasashen Turawa, ya faɗo warwas a Janairu. Na fahimci lissafin, amma fahimta ba ta hana ni jin wani iri ba duk ranar da na ga an sa wa idon ɗan unguwarmu farashin da bai kai na ƙwayar gyaɗa ba.

Daga nan kwaɗayi ya shigo, kuma an ce shi mabuɗin wahala ne. Tun da idonmu araha ne, sai na ce bari in yawaita abin da yake gani. Na ƙara tallan cika allo. Da farko tsakanin tatsuniya da tatsuniya, daga baya na tsaga tatsuniyar kanta biyu, daidai inda Gizo zai shiga rami sai in dakatar da Kaka, a nuna sabulu ko wasan waya, sannan ta ci gaba. Kuɗi suka ƙaru. Ban kuma sake sauraron manhajar da kunnena ba, lambobi kawai nake kallo.

Sai kuma zumunci ya zo da nasa. Wani abokina ya ji cewa latsa talla yana kawo kuɗi, ya watsa a zauren WhatsApp na samarin unguwa cewa kowa ya shiga ya yi ta latsawa a taimaki ɗan'uwa. Na gani, na san haramun ne a ƙa'idar harkar, na yi gum da bakina. Kwana uku lissafi ya yi sama, a na huɗu saƙo ya zo cewa an ga latse-latsen bogi, an taƙaita mini talla, an kuma zare kuɗin da suka shigo ta wannan hanya. Na yi fushi a lokacin. Da na huce sai na tambayi kaina: wanda ya biya kuɗi don a nuna hajarsa ga mai bukata, aka tara masa samarin da ko kallon hajar ba su yi ba, me aka yi masa? A kasuwar kakana sunan wannan algus, kamar ka jera manyan goro a bakin huhu ka cusa masu sankara a ƙasa. Makonni na yi ina jiran a sake ni, ina roƙon abokai su daina yi mini irin wannan alheri.

Duk wannan bai kai daren da Baffa ya aiko a kira ni ba. Na same shi a zaure bayan isha, waya a hannunsa, autansa ɗan shekara 13 na rakuɓe a gefe. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a taƙaice, ya miƙo mini wayar. Muryar mahaifiyarsa ce ke fita, tana tatsuniyar Ta-Kitse. Ana cikin haka sai murya ta yanke, allo ya cika da hoton 'yan ƙwallo da tulin kuɗi, ana kira a zuba sidi kaɗan a kwashi dubbai. Tallan cacar ƙwallo ne. Yaron ya riga ya latsa sau biyu, ya zo yana tambayar yayansa yadda ake rajista.

Baffa ya ce, "Wannan fa?"

Na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baffa, wallahi ba ni na sa shi ba. Kwamfuta ce ke zaɓa, ni ban ma san abin da za a nuna wa kowa ba."

Ya yi shiru har na fara jin ƙarar janaretan maƙwabta. Sannan ya ce, "Ɗana, a gidan wa baƙon nan ya sauka?"

Ban amsa ba.

Ya ce, "Tsohonmu ya shekara arba'in yana saukar baƙi. Bai taɓa cewa alƙali ban san halinsa ba, hanya ce ta kawo shi. In ka ci la'adar mutum, ka ɗauki nauyinsa. Kai kuma ba a zaure ma ka sauke shi ba, a ɗakin Inna ka kai shi, ka ce ta yi shiru ya gama magana."

Ban taɓa jin magana ta dake ni kamar wannan ba. Duk wanda ke zaune a zango ya san abin da cacar ƙwallo ta yi wa samarinmu. Mun ga wanda ya cinye jarin uwarsa, mun ga ɗan acaɓan da ya sayar da babur ɗin maigidansa. Ga shi ni da na ce ina ceton al'ada, na buɗe mata taga a inda iyaye suka fi sakin jiki, don sun ji muryar tsohuwa sun ce nan kam babu abin tsoro.

A daren ban yi barci ba. Na buɗe shafin dillalin, na shiga sashen da ban taɓa leƙawa ba, sai ga jerin rukunan talla, kowanne da maɓallin rufewa a gabansa: caca, barasa, neman abokan holewa, bashin gaggawa mai ruwa, magungunan ƙarya na rage ƙiba da makamantansu. Tun ranar da na yi rajista suna nan. Gaskiyar da ban gaya wa Baffa ba ita ce na taɓa jin labarinsu, na kuma ji cewa duk ƙofar da ka rufe ka rage masu tayi a gwanjo, farashi ya sauka, don haka na ƙi dubawa. Akwai kuma inda ake bayyana cewa manhaja ta yara ce. Dokar Amurka ta 1998 ta hana tattara bayanan yaran da ba su kai shekara 13 ba sai da izinin iyaye, kantin Google Play ma yana da ƙa'idojinsa masu tsauri a kan tallan da ake nuna wa yara. Ni kuwa da ana tambayata su wa manhajar ta nufa, na rubuta manya, alhali na san su wa ke kwana da tatsuniya.

Na gyara wannan amsa. Na rufe rukunan nan duka. Na cire duk tallan da ke katse Kaka, na bar siriri guda a shafin jerin sunayen tatsuniyoyi, inda ba ta fara magana ba. A wata na gaba kuɗin suka faɗi ƙasa da rabi.

Saura tambayar da ta fi nauyi: kuɗin da na riga na ci fa, har da shinkafar sadaka? Na je wurin malamin da ya koya mini karatun allo na zayyana masa komai. Ya tambaye ni ko zan iya rarrabe abin da ya fito daga caca. Na ce sai dai kintace. Ya ce in kintata, in ƙara a kai don kokwanto, in fitar da shi ga wata maslahar jama'a ba tare da na sa ran lada ba, in kuma yi istigfari. Kuɗin suka tafi gyaran magudanar ruwan lungunmu. Ba su da yawa, amma sai da na yi wata uku ina haɗa su.

Yau manhajar tana tsaye da ƙafa uku, kamar murhu. Akwai ɗan abin da siririn tallan ke kawowa. Akwai 'yan uwa na ƙasashen waje da na buɗe wa hanyar biyan wani abu kaɗan a cire musu talla ɗungurungum, da na gida masu turo abin da ya sawwaƙa ta MoMo. Ta ukun ita ta fi kwanta mini a rai. Wata hajiya mai sayar da atamfa a Kejetia, wadda jikokinta ke sauraro, ta ce in sa hoton shagonta a shafin farko ta riƙa ba ni wani abu duk wata. Na je na ga shagon, na taɓa kayan, muka yi ciniki baki da baki, Baffa ne shaida. Duka ukun in an haɗa suna biyan rumbu da data, wani watan a sami rarar kuɗin cefane. Ban yi arziki ba, kuma duk saurayin zango da ya zo mini da bidiyon masu cewa manhaja ɗaya za ta sa ka kwana kana ƙirga dala, nakan zaunar da shi mu buga lissafin gani dubu tare. In masu amfani da manhajarka mutanenmu ne, to ka shirya wa la'ada ƙanƙanuwa, ka nemi yawan jama'a da haƙuri, kada ka taɓa latsa tallanka ko ka sa a latsa maka, kuma ka fara da sashen rufe ƙofofi tun kafin ka leƙa sashen kuɗi.

Rufe rukuni ma ba ya gama aiki. Wasu masu talla sukan sauya riga, mai caca ya shigo da sunan wasa, mai bashi da ruwa ya shigo da sunan tallafi. Akwai shafin da ke nuna tallace-tallacen da suka ratsa ta manhaja ɗaya bayan ɗaya, a nan nake zama duk daren Juma'a, ina dubawa ina korar wanda ban yarda da shi ba. Baffa ya taɓa tarar da ni a kai, ya leƙa allon, ya ce haka tsohonsu yake kwance huhu lokaci-lokaci, ya juya goro ɗaya-ɗaya, ya tsince mai sankara kafin ya harbi sauran, ya yayyafa ruwa, ya sake ganye, ya ɗaure. Na tambaye shi ko akwai ranar da ake gamawa. Ya ce muddin akwai goro a ɗaka, babu.

Autansa har yanzu yana sauraro. Shekaranjiya na ji shi yana ba ƙannensa tatsuniyar Ta-Kitse tun daga farko har ƙurunƙus, da Hausar Kaka, har da inda takan ja numfashi. Allah ya jiƙanta da rahama, ya jiƙan magabatanmu da suka kafa zangon nan, mu kuma ya tsarkake mana abin da muke ci.